Haɗa LEGO Technic da yara: tambayoyin da iyaye suka fi yi min da amsoshinsu

Tun da muka fara wannan harkar ni da yarana, duk wanda ya ga motocin da muka jera a kanta sai ya yi tambaya, kuma abun mamaki tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi yasa nace bari in tattara su wuri guda in amsa gwargwadon abun da na sani da wanda hannuna ya taɓa.

Wai menene Technic ɗin, ba dai LEGO ɗin da muka sani bane?

Kamfani ɗaya ne amma aikin ba ɗaya ba. LEGO kamfanin ƙasar Denmark ne, a wani gari Billund, wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya kafa shi a 1932, da katako ma ya fara yin kayan wasa kafin a koma roba. Bulon nan da kowa ya sani mai 'yan kawuna a sama a 1958 aka yi masa rajista, kuma bulon wancan lokacin har yau in ka ɗora shi kan sabo zama yake yi daram. Shi kuma Technic a 1977 ya fara fitowa.

Bulo ɗorawa ake yi ɗaya kan ɗaya kamar ginin gida, daga ƙasa zuwa sama. Technic kuwa sanduna ne masu huji-huji, da 'yan ƙusoshin roba da ake soka su a hujin, da wata sanda siririya wadda in ka kalli bakinta kamar alamar tarawa ce, ita ke ɗaukar giya tana juyawa. Daga ciki ake ginowa zuwa waje, sai ka gama inji da akwatin giya da sitiyari kafin ma abun ya fara kama da mota. Na da can sandunan suna da kawuna irin na bulo, wajen shekara ta 2000 ne aka koma masu santsi, toh daga nan siffar motocin ta canza sosai.

Babba da kai, ba ka jin kunyar wasan yara?

Wallahi ko kaɗan. Da farko dai kamfanin da kansa yana yin wasu ne takanas dan manya, zaka ga an rubuta 18+ a jikin kwali. Porsche 911 GT3 RS ta 2016 guntu 2,704 gareta, Bugatti Chiron ta 2018 guntu 3,599, Lamborghini Sián ta 2020 guntu 3,696, katafilar haƙar ma'adinai ta Liebherr R 9800 kuwa da ta fito a 2019 guntu 4,108 ce da moto bakwai a ciki. Wannan ba abun da zaka miƙa wa ɗan shekara shida bane kace je ka yi wasa. A 2018 ma sun haɗa Bugatti mai girman ta gaske da guntayen Technic sama da miliyan ɗaya da ƙananan moto 2,304, mutum ya shiga ya tuƙa ta.

Manyan da ke wannan sha'awar suna da yawa a duniya har suna suka sa wa kansu, AFOL, wato babba mai son LEGO, kuma yawanci labarinsu ɗaya ne, mutum ya yi yana yaro, ya watsar shekara da shekaru, sai ya haihu ya sayo wa ɗansa, daga taya yaro sai ya tsinci kansa a ciki tsundum. Wasu kuma basu taɓa gani ba sai da girmansu. Duk ɗaya ne.

Daga shekara nawa yaro zai iya?

Ƙananan Technic daga shekara 7 ake rubutawa. Amma lambar kwali ba ita ce komai ba, abu biyu nake dubawa, ƙarfin yatsa da haƙuri. Baƙar ƙusar nan tana da tauri, yaro ɗan shekara biyar zai iya gane hoton sarai amma babban yatsansa ba zai iya danna ta har ta ce ƙyas ba, sai ya ji haushi ya tashi. Irin wannan ka bashi aikin nemo guntu, kai ka danna.

Abun da ba wasa a ciki shi ne yaro ƙasa da shekara 3. Ƙusoshin nan ƙanana ne ƙwarai, baki suke kaiwa, kuma suna shaƙewa. In akwai mai rarrafe a gidan toh a kan tebur za a yi aiki ba a ƙasa ba, in an tashi a duba ƙarƙashin kujera. Shi Duplo ake bashi, manyan bulon da aka yi dan ƙananan yara.

'Ya mace fa?

Sosai ma. A gidana 'yata ta fi wanta lura da hoto, ita ke kamo mu in mun tsallake mataki.

Wanne zan fara saya?

Ƙarami, dan Allah ƙarami. Kuskuren da iyaye suka fi yi kenan, uba ya ga hoton Ferrari ya ɗauko, yaro ya yi awa ɗaya yana soka ƙusa bai ga komai ba sai wani ƙwarangwal mai toka-toka, shikenan ya tsani abun gaba ɗaya. Ka fara da mai guntu ɗari biyu zuwa huɗu wanda za a gama a zama ɗaya ko biyu, kuma ya zamana akwai abun da ke motsi da ido zai gani, tifa mai ɗaga baya, ko tarakta, ko motar nan da ake ja baya a sake ta ta ruga. Ni na fi son masu aiki irin su kiren mai ɗaga kaya da katafila akan motocin tsere, dan motar tsere in an rufe ta da bodi duk giyar ta ɓuya, kiren kuwa komai a fili yake, yaro ya murɗa nan ya ga can ya ɗaga.

Ya kuke raba aikin? Ni da mun fara sai in ga na karɓe komai

Wannan ita ce tambayar da tafi kowacce muhimmanci a wajena, kuma ba kai kaɗai bane. Kai kana ganin guntun da yake nema gashi nan a gaban hancinsa, shi kuma yana ta lalube, hannunka har ƙaiƙayi yake yi. Ka riƙe hannun. In ka karɓa sau ɗaya sau biyu, na uku da kansa zai miƙo maka yace Abba yi min, daga nan ya zama ɗan kallo, alhali dan shi aka buɗe kwalin.

Yadda muke yi shi ne mutum ɗaya ya nemo kayan matakin ya jera su a faranti daidai yadda aka zana a ɗan akwatin da ke saman shafi, ɗayan ya haɗa, in an gama leda ɗaya sai a yi musanya. Ledojin lamba garesu, kar a buɗe ta 2 sai an gama ta 1, kar kuma a zazzage duka wuri ɗaya. In na ga ya yi kuskure bana cewa ka yi kuskure, sai ince ɗora naka kusa da hoton mu gani, ƙirga hujin daga hagu, na nawa ƙusar take? Sai ya ƙirga, ɗaya biyu uku huɗu, ya yi shiru, ya zare ya mayar a na biyar. Wannan shirun da yake yi kafin ya gano da kansa, shi nake nema a duk harkar, ya fi min motar da za a gama.

Sai kuma lokaci. Yaro ɗan shekara takwas minti arba'in zuwa awa ɗaya ya isa, da ka ga ya fara wasa da taya yana kallon ƙofa toh a rufe littafi. Kuma akwai amana a ciki, kar ka bari ya yi barci ka lallaɓa ka ƙarasa shafi talatin kai kaɗai, gobe ya tashi ya ga an wuce shi. In kana jin ƙaiƙayin haɗawa ka sayi naka daban, ba laifi bane. Babban saiti da ni kaɗai zan gama a kwana uku, da yara sati uku muke yi, kuma na fi son sati ukun.

Sitika ce kawai nake liƙawa da kaina in sun yarda, dan in ta karkace tana wahalar gyaruwa.

Me yasa ƙusoshin kala-kala, ba duk ɗaya bane?

A'a, kalar tana da ma'ana, kuma wannan ya kamata ka nuna wa yaro tun ranar farko. Baƙar gajeriyar ƙusa mai riƙo ce, tana kama sanda biyu ta hana su motsi. Mai ruwan toka santsi gareta, ana sa ta inda ake so abu ya juya. Haka shuɗiya mai rabi ƙusa rabi sanda tana riƙo, 'yar'uwarta mai ruwan ƙasa-ƙasa tana juyawa. In ka sa baƙa a wurin mai toka abun zai haɗu lafiya amma ba zai motsa yadda ya kamata ba.

Sandunan juyawa ma haka, masu tsawon 4, 6, 8 galibi baƙi ne ko ja, masu 3, 5, 7 toka ne ko rawaya. In kana shakka littafin yana zana sandar daidai girmanta da alamar 1:1, sai ka ɗora ta kan hoton. Yara suna son wannan aunawar sosai.

Da gaske yaro na koyon wani abu, ko dai talla ce?

Bazan ce maka zai zama injiniya ba, amma ga abun da na gani da idona. Giyoyin suna da haƙora 8, 12, 16, 20, 24, 36, 40. Ka ɗauki mai 8 da mai 24 ka jera su a jikin sanda ɗaya mai huji, haƙoransu na shiga juna, ka liƙa ɗan tef a haƙori ɗaya na babbar, kace masa juya ƙaramar ka ƙirga. Zai juya sau uku kafin tef ɗin ya dawo inda yake. Toh ka tambaye shi in mai 40 ce fa? Ɗana da kansa yace biyar, kafin ma ya gwada, ranar bai san lissafin rabawa ya yi ba. Sai kuma ka sa ya riƙe sandar babbar da yatsa yayin da kake juya ƙaramar, ya ji yadda take fin ƙarfinsa, daga nan ya gane abun da yasa mota ke hawa tudu da giya ɗaya, gudu ya ragu ƙarfi ya ƙaru.

Akwai wata giya mai kamar sukurun, ita in ta juya sau ɗaya haƙori ɗaya tak take turawa, kuma ba a iya juya ta ta baya, shi yasa hannun kiren in ka ɗaga shi da kaya ka saki baya faɗowa.

Wadda tafi burge ni kuwa difarenshal ce, wani ɗan gida mai ƙananan giyoyi uku a ciki da ke tsakanin tayoyi biyu. In mota zata sha kwana tayar waje tafiyarta ta fi ta ciki nisa, dole ta fi ta gudu, toh wannan ɗan gidan ne ke basu dama kowacce ta yi gudunta alhali inji ɗaya ke jansu. Ka ɗaga motar sama ka juya taya ɗaya gaba, zaka ga ɗayar tana komawa baya. Mutum zai shekara ashirin yana tuƙi bai taɓa ganin wannan ba, gashi yaro yana riƙe da shi a tafin hannu. Ga fistan suna sama da ƙasa a injin roba, ga shokozoba, ga yadda sitiyari ke tura sanda mai haƙora ta karkata taya.

Mun yi nisa sai muka ga mota bata tafiya, ya za mu yi?

Ya taɓa faruwa damu a wata mota mai jan taya huɗu. Mun kusa gamawa, 'yata ta tura ta a tebur sai taji ta cije, tayoyi suna ja da ƙasa. Muka ɗaga, ashe na gaba suna juyawa gaba na baya suna juyawa baya. Difarenshal ɗaya muka sa a juye tun a ledar farko, haƙoranta suna kallon dama maimakon hagu. Idonta ya ciko da ƙwalla, ni ma gaskiya jikina ya yi sanyi. Muka bar ta kwana biyu, sannan muka dawo muka riƙa bin littafi da baya shafi-shafi, muna cire manyan ɓangarori a dunƙule ba tare da mun wargaza su ba, har muka isa wurin. Zama biyu ya ɗauke mu.

Tun daga nan doka ce a wajenmu, duk matakin da aka sa giya sai an tsaya an juya da hannu an ga tana tafiya sumul kafin a wuce. Kuma kar a matse giya jikin sanda ƙam, a bar mata ɗan sarari kamar kaurin takarda, matsewa na cikin abun da ke sa akwatin giya ya yi tauri ko ya riƙa ƙas-ƙas. Wajen cirewa kuma ba a sa haƙori, ba a sa filaya, da wata sandar ake turo sanda.

Mai moto da rimot ya fi, ko na hannu?

Kowanne da daɗinsa amma dan koyo na hannu ya fi, saboda yatsan yaro ne ke jin nauyin abun. Tsarin moto na da, Power Functions wanda ya fito a 2007, da rimot ɗinsa yake zuwa. Na yanzu Control+ tun 2019 da manhajar waya ake sarrafa shi ta Bluetooth. Yana aiki da kyau, sai dai ni dama ina wannan harkar ne dan in raba yaro da waya na awa ɗaya, kaga in aka gama kuma sai an ɗauko wayar abun ya ɗan rage min armashi.

Wanda nake so iyaye su gwada shi ne mai iska, tun 1984 ake yinsa, ɗan famfo da siraran tiyo da silinda, ka danna famfo ka buɗe bawul hannun katafila ya miƙe yana huci. Ba batir ba waya, kuma kusan yadda na gaske ke aiki kenan, sai dai su mai ne a cikin tiyonsu ba iska ba.

Guntu ya ɓata, shikenan saitin ya tashi aiki?

Kafin komai ka duba cikin ledar da aka yar, da cikin taya, da ƙarƙashin littafi, sau da yawa yana nan. In da gaske babu, kowane guntu yana da lambarsa a shafukan ƙarshe na littafin, ana iya neman sa wajen kamfanin, ko a BrickLink, kasuwar guntaye da aka kafa a 2000 wadda LEGO ta saya a 2019. Littafin ma in ya yage ana samun sa kyauta a shafin kamfanin ko manhajar LEGO Builder, lambar saitin kawai zaka sa. In guntun na ciki ne da ba a gani, ko wace kala ka samu sa abunka.

Ya ake tsaftace su da ajiya?

Ƙura da buroshi mai laushi irin na fenti. In wanki ne, ruwa mai ɗumi da bai wuce digiri 40 ba da ɗan sabulu, da hannu, a shanya a inuwa, banda injin wanki banda na'urar busar da gashi, kuma moto da waya da masu sitika basa shiga ruwa. Rana ita ce babbar matsala, farare da masu toka rawaya suke komawa in suna bakin taga. Batir kuma a cire in za a daɗe ba a taɓa ba, in ya zubo yana cinye ƙarfen ciki. Mota mai nauyi in zata daɗe a kanta ina sa mata ɗan tallafi a ƙasa dan kar tayoyi su lotsa. Gam kuwa kar ma ka fara.

In ajiye a kwali ban buɗe ba, ance yana daraja?

Gaskiya ne saiti yakan yi 'yan shekaru a kasuwa sai a daina yinsa, kuma wasu in sun ƙare masu nema suna yawa. Amma ba kowanne ba, kuma ba wanda zai baka tabbas. Ni dai bana iya kallon kwali a rufe yaro na tambayata yaushe za mu buɗe ina ce masa ba naka bane. Abun da nake yi shi ne in adana littafi da ragowar guntaye a leda in rubuta lambar saitin a jiki, ko da wata rana za a sayar ko a bayar, cikakke ne.

Na wasu kamfanonin fa?

Haƙƙin mallakar bulon na asali ya daɗe da ƙarewa, dan haka akwai kamfanoni irin su CaDA da ke yin nasu zanen da guntaye masu shiga na Technic, wannan daban ne da masu kwafar saitin wani har da hoton kwali, su bana saya. Inganci ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, a ƙusa da giya ake ganewa, in ƙusa ta yi tauri da yawa yatsan yaro ne zai sha wuya. Akwai kuma wasu tsarin daban gaba ɗaya, Meccano na ƙarfe da noti wanda Frank Hornby ya ƙirƙira a Liverpool ta Ingila a 1901, da fischertechnik na Jamus, su basa haɗuwa da LEGO amma ga yaron da ya girma yana son sukundireba suna da kyau.

Yaro na so ya wargaza wadda muka sha wahala muka haɗa, in bari?

Mu kanta biyu muka yi. Ta sama akwai guda uku da nace nawa ne, ana saukowa dasu a taɓa a murɗa amma ina wurin. Ta ƙasa nasu ce, su tura, su karya, su cire taya su sa a wani abun, ba ruwana. Da farko in na ga tarakta ba ƙafa ɗaya raina yana sosuwa, amma daga tarin nan ne suka fara ƙirƙirar nasu, abun da masu harkar ke kira MOC, wato wanda ka zana da kanka ba littafi. Akwai ma Rebrickable inda zaka sa lambar saitin da kake da shi ya nuna maka wasu abubuwan da za a iya haɗawa da guntayensa.

Na farko da ɗana ya yi shi kaɗai wani kiren ne karkatacce, kala huɗu, ƙugiyarsa da zaren ɗinki, da ya ɗauki kaya sai ya kife ta gaba. Ya zo yana tambayata, nace je ka kalli bayan babban kiren ɗin da ke kanta ta sama ka gaya min me ka gani. Ya dawo ya ɗaura tsofaffin tayoyi huɗu a bayan nasa, ya murɗa, ƙugiya ta ɗaga akwatin batir sama kiren bai motsa ba. Yanzu shi ne na huɗu a kanta ta sama.